Neman shawara: Me ya haɗa malaman coci da gunkin giya?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aji biyu a sashen zane, ranar Litinin ni ce da gabatarwa a kwas ɗin tarihin zanen Turai. An ba ni giya da makiyaya a zanen farkon zamanin Baroque, wato wajen farkon ƙarni na 17, minti goma kacal. Na tara hotuna sun fi ashirin, na rasa ta inda zan kama. Abin da ya ɗaure min kai, Bacchus gunkin giya ne na Rumawa, amma manyan cocin Katolika ne ke biyan kuɗin zana shi. Ga wasu hotunan tsirara, ban san yadda zan haska su gaban aji ba.

Wata da ta gama sashen bara:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ashirin a minti goma? Rage su zuwa uku. Fara da Bacchus na Caravaggio, na wajen 1596, wanda ke gidan adana zane na Uffizi a Florence. Kadinal del Monte, babban malamin cocin Katolika, ne ya sa aka zana, shi ne kuma ya ba Caravaggio masauki a gidansa a Rum. Ki bar dogon labarin gunki, ki zuƙo hoton ki nuna musu faratan yaron, akwai datti a ciki. Fuskarsa da hannayensa sun yi ja, ƙirjin kuwa fari fat, kamar wanda ke wuni a rana da riga. 'Ya'yan itacen da ke gabansa sun fara ruɓewa, har da tuffa mai ramin tsutsa. Katifar da ya kishingiɗa a kai ma zanin bai gama rufe ta ba. Yaron unguwa aka yafa wa zanin gado, aka ɗora masa ganyen inabi a ka, kuma mai zanen bai damu ya ɓoye ba. Wannan kaɗai zai ci miki minti huɗu.

Wani malamin sakandare:

'Yata, batun malaman coci ba shi da wahala. Mutanen nan da Latin aka yaye su, tun suna yara suke karanta Ovid, mawaƙin tsohuwar Rum, don haka a wurinsu labarin Bacchus adabi ne, ba bauta ba. Taron Trent na shugabannin cocin Katolika da aka kammala a 1563 hotunan cikin coci ya fi matsa wa, gidajen manya kuwa wata harka ce daban. Kadinal Odoardo Farnese ya sa Annibale Carracci ya fara zana rufin zauren fadarsu a 1597, jerin gwanon Bacchus da amaryarsa Ariadne ne a tsakiya. Ki ambace shi da baki kawai, tsiraicinsa ya yi yawa.

Wani ɗan aji huɗu:

Anti, a yi haƙuri, ni da Velázquez zan buɗe. Nasa na 1628 zuwa 1629 da ke gidan adana zane na Prado a Madrid, har laƙabin Mashayan aka yi masa. Gunkin na tsakiyar talakawan Sifaniya masu tsofaffin riguna, ɗaya ya washe haƙora yana kallonka ido cikin ido da kwano a hannu. Sarki Philip na huɗu ya biya ducat 100, kuɗin wancan zamani. Sannan kun manta makiyayan. Mai tambaya, ki ɗauki Et in Arcadia ego na Guercino, na wajen 1618 zuwa 1622: makiyaya biyu sun ci karo da ƙoƙon kan mutum a kan dutse, ga ƙuda a kai, ga ɓera a gefe. Ma'anar sunan hoton, mutuwa ce ke cewa ko a Arcadia, ƙasar jin daɗi ta makiyaya a adabi, tana nan. Kowa da tufafinsa, ba abin jin kunya.

Mai tambaya:

Allah ya saka da alheri. Na tsayar da uku: Caravaggio, Velázquez, Guercino. Anti, faratan zan fara haskawa kafin su ga fuskar, in tambayi ajin hannun wa suke zato. Wa ke da kwafin hoton mai kyau? Nawa yana dishewa in na zuƙo.