Tsofaffin motocin Ingila a fim da waƙa: ta ina zan fara?

Baban Amira: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya da daddare na kalli Skyfall, fim ɗin James Bond, kuma har yanzu wurin da Bond ya buɗe gareji aka ga wata tsohuwar mota mai ruwan azurfa bai bar raina ba. Da aka ragargaza ta da harsashi a ƙarshe, wallahi sai da na ji zafi kamar tawa ce. Ina so in san irin waɗannan motoci sosai. Waɗanne finafinai zan nema?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Aston Martin DB5 ka gani, an ƙera ta daga 1963 zuwa 1965 a garin Newport Pagnell, kuma duka-duka ba su fi dubu da 'yan kai ba. Ka nemi Goldfinger na 1964, nan ta fara fitowa, Sean Connery ne a sitiyari. Ka lura da kan giyar: ana ɗage murfinsa sai ga jan maɓalli, da an danna rufin ya tashi, kujerar fasinja ta cilla mutum sama. Lambar motar ma juyawa take yi. Wanda bai kalli wannan ba ba zai gane abin da ya sa aka nuna maɓallin a Skyfall ba.

Kawu Direba: Ɗana, kafin DB5 akwai Sunbeam Alpine, 'yar ƙarama shuɗiya mai buɗaɗɗen rufi, a Dr. No na 1962, kan hanyoyin tsaunukan Jamaika. Ba bindiga ba komai, tuƙi ne zalla a kan ƙura. Ni ita ta fi kwanta mini. Da muna samari sitiyarin motocinmu a dama yake kamar nasu, don sai a watan Afrilun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama. Shi ya sa in na ga mutum na sa giya da hannun hagu a fim, hannuna har motsi yake yi.

Ɗan Sabon Gari: Allah ya ƙara wa Kawu lafiya. Amma Injiniya, ka yi mini haƙuri, DB5 motar alhazai ce, ta doguwar tafiya da kujerun fata. Mai son motar gudu ta gaskiya ya kalli farkon shirin talabijin The Prisoner na 1967. Lotus Seven ce ke tahowa a guje, ba ƙofa, ba rufi, direba kamar a ƙasa yake zaune. Mai kamfanin, Colin Chapman, aƙidarsa ita ce a rage nauyi maimakon a ƙara girman inji. Gunduwa-gunduwa ake sayar da ita mutum ya haɗa a gida, don a kauce wa harajin sabuwar mota. A 1973 kamfanin Caterham ya karɓi ƙirar, har gobe yana yin ta.

Injiniya: Na yarda da kai rabi. In Lotus ce, to a ƙara da Esprit fara da ta faɗa teku ta zama jirgin ƙarƙashin ruwa a The Spy Who Loved Me, 1977. Elon Musk ya saye wadda aka yi wannan wasan da ita a gwanjo a 2013.

Maman Hanif: Yaya, in da yara za ka kalla, ka riƙa tace na Bond, akwai wuraren da sai ka tura gaba. The Italian Job na 1969 ya fi sauƙi, ko da yake shi ma ka fara dubawa kai kaɗai. Kowa maganar ƙananan motocin nan Mini guda uku yake yi, ja da fara da shuɗiya suna sauka matakala a birnin Turin, amma ni abin da ya tsaya mini shi ne wurin da 'yan Mafiya suka tare hanya a kan tsauni suka sa katafila ta murƙushe Jaguar E-Type biyu. Mota mai dogon hanci kamar an zana ta da alƙalami ɗaya, a mayar da ita gwangwani a gabanka! Hanif sai da ya rufe ido.

Mai Faifai: Kun cika fim kun bar mawaƙa, alhali su ne suka sayi motocin da kuɗinsu. A 1964 Paul McCartney na Beatles ya sayi DB5, daga baya ya ƙara da DB6. George Harrison yana da E-Type, har da na'urar faifai a cikinta. Mick Jagger na Rolling Stones ma DB6 gare shi, ya yi haɗari da ita a Landan a 1966. Yaran talakawa ne yawancinsu, da kuɗi ya zo sai suka hau motar da a da sai masu gadon dukiya.

Waƙa kuwa, Baban Amira, ka nemi I'm in Love with My Car ta ƙungiyar Queen, 1975. Mai gangarsu Roger Taylor ya rubuta ta ya kuma rera, saboda wani ma'aikacinsu da yake tsananin son motarsa Triumph TR4. Ita ce a bayan faifan Bohemian Rhapsody. Ka sa abin kunne ka saurara har ƙarshe, za ka ji ana taka totur.

Ɗan Sabon Gari: Malam, wannan ƙarar ta ƙarshe fa ta Alfa Romeo ɗin Taylor ce, 'yar Italiya.

Mai Faifai: Haka ne, na gode da gyara. To ga wani mawaƙi daga Amurka: Elvis Presley ya tuƙa jar MGA a Blue Hawaii na 1961, kuma motar tana gidansa na Graceland ana zuwa kallo. A Abingdon kusa da Oxford aka ƙera ta, masana'antar da aka rufe a 1980.

Baban Amira: Allah ya saka da alheri, na rubuta duka. Zan fara da Dr. No saboda Kawu, sannan Goldfinger. Kawu, a Alpine ɗin me zan fi lura da shi?

Kawu Direba: Ka dubi yadda bayanta ke zamewa a kwana, da yadda yake maido da sitiyarin da sauri kafin ta juya masa. Tayoyin sirara ne ƙwarai.