Me ya sa ake sanya Hermann Maier a sahun gaba?

Abu Hafsa:
Assalamu alaikum. Ina bibiyar tseren zamiya a kan dusar ƙanƙarar duwatsu, kuma akwai abin da ya ɗaure mini kai game da Hermann Maier na Ostiriya. Ya ci tsere 54 a Gasar Kofin Duniya, alhali Ingemar Stenmark na Suwidin ya ci 86, Marcel Hirscher na Ostiriya kuma 67. Mene ne dalilin da ya sa masana ke ambatonsa tare da su, har wasu su fifita shi?

Ummu Khalid:
Wa alaikumus salam, Malam. A ganina, dole ne a duba irin tseren da kowannensu ya ci. Stenmark bai taɓa yin nasara ba sai a tseren kewaya sanduna, ƙarami da babba, kuma kusan nan ne Hirscher ma ya tara nasa. Shi kuwa Maier ya ci tseren gangara sau 15, inda gudu kan wuce kilomita 120 a awa ɗaya, ya ci Super-G, wato tseren da ya haɗa gudun gangara da kewaya sanduna, sau 24, sannan ya ci babban tseren kewaya sanduna sau 14. Ba kasafai ake samun mutum ɗaya da ya haɗa wannan ƙarfin hali da ƙwarewar juya jiki ba.

Sannan bai fara da wuri ba. Makarantar horar da 'yan zamiya ta garin Schladming a Ostiriya ta sallame shi yana yaro saboda ƙanƙantar jikinsa, ya koma garinsu Flachau yana aikin birkila da rani, yana koyar da zamiya da hunturu, kuma sai a 1996 ya shiga Kofin Duniya, yana da shekara 23.

Mai Nazari:
Na yarda da 'yar'uwa, amma babban al'amarin shi ne hatsarin babur da ya yi a watan Agusta na 2001, wanda saura kaɗan a yanke masa ƙafa. Hakan ya faru ne bayan kakar da ya ci tsere 13, wato lokacin da yake ganiyarsa. Bai samu shiga gasar Olamfik ta 2002 ba, bai dawo ba sai Janairun 2003, kuma a watan ne ya ci Super-G a garin Kitzbühel na Ostiriya. A 2004 ya sake zama zakaran kaka gaba ɗaya, karo na huɗu. Mutane sun fi tuna faɗuwar da ya yi a gasar Olamfik ta Nagano, ƙasar Japan, a 1998, da zinaren da ya ci bayan kwana uku, amma ni dawowar nan ta fi girgiza ni.

Abu Hafsa:
Na gode muku ƙwarai. Duk da haka, har yanzu ina ganin zama zakara sau takwas a jere da Hirscher ya yi, daga 2012 zuwa 2019, ya fi nauyi a sikeli, domin bai bar wa kowa kambun ba ko da kaka ɗaya.