Muhawarar Zauren 'Yan Iyaka: Shin AES Ta Wadatar Da Nijar?

Ɗan Galmi: Salamu alaikum jama'ar zaure. Maganata ɗaya ce yau, mai jin haushi ya ji. Tun da Nijar ta haɗa kai da Mali da Burkina Faso aka kafa AES, wato ƙawancen ƙasashen Sahel, ba mu da sauran buƙatar ECOWAS, kai ko Najeriyar ma ta riƙe kayanta. Sojan Faransa sun tattara komatsansu a Disambar 2023, na Amurka sun bar Agadas a 2024, fasfo ma namu gare mu yanzu. Me ya rage?

Hajiya Mai Atamfa: Wa alaikumus salam. Alhaji, albasar taka Bamako kake kai ta ko Illela?

Ɗan Galmi: Hajiya, kar ki taɓa mini inda ke ciwo. Agustan 2023 ina da mota cike da albasa a Konni aka rufe iyaka. Kwana tara tana tsaye, ga damina. Tun daga nesa wari ke tarbarka, baƙin ruwa na ɗiga ta ƙarƙashin bodi. Da shebur muka kwashe ta, sai da na biya yaran da suka zubar. Wanda ya ga wannan ba ya buƙatar a karanta masa darasin 'yan'uwantaka.

Malam Na Maradi: Alhaji yana da hujja a nan, kada a raina ta. Soja sun kifar da Shugaba Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, ranar 30 ga wata shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja suka ba da wa'adin mako guda, ko a mayar da shi ko a yi amfani da ƙarfi. Aka datse wutar da ke zuwa daga Najeriya, alhali kusan kashi 70 cikin ɗari na kuran ɗinmu daga can yake. Janar Tiani da ya karɓi mulki bai kwana a duhu ba, mu muka kwana. 'Yan lakwal ɗina da fitilar waya suka riƙa bitar karatu. To da Mali da Burkina suka ce wanda ya taɓa Nijar ya taɓa su, dole mutane su ji sanyi a ransu. Yarjejeniyar Liptako-Gurma ta 16 ga Satumban 2023, wadda ta kafa AES, daga nan ta samo tushe.

Auta: Amma Malam, ai 'yan Arewa ba su goyi bayan yaƙin ba. Majalisar Dattawan Najeriya ta ƙi, Janar Abdulsalami da Sarkin Musulmi sun je Yamai, Sanusi ya je, malamai ma sun je.

Malam Na Maradi: Mun gani, Auta, mun kuma gode. Sai dai wutar ba ta dawo ba sai bayan an ɗage takunkumi a Fabrairun 2024.

Baba Saje: Ku ba ni wuri, ni da na ci ƙurar Monguno. Alhaji, zafin da ka ji gaskiya ne, amma taswira ba ta san fushi ba. AES an gina ta ne don yamma, inda iyakokin ƙasashen uku suka haɗu, wato Tilaberi da kewaye. To Diffa fa? Daga Bamako zuwa Diffa tafiyar kwana nawa ce? Daga Damasak kuwa kogin Komadugu kawai za ka tsallaka. Ni ba na manta alheri: a Maris ɗin 2015 sojan Nijar da na Chadi ne suka ƙwato Damasak daga hannun Boko Haram, garin Najeriya, da jininsu. Rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi an raba ta shiyya huɗu, Mora a Kamaru, Baga-Sola a Chadi, Monguno a Najeriya, Diffa a Nijar. Amfaninta shi ne in ka koro su daga nan, na can ya tare. A Maris ɗin 2025 Nijar ta ce ta fita, za ta mayar da hankali kan tsaron wuraren man fetur. Gida mai ƙofa huɗu ne aka cire ƙyauren ɗaya. Su waɗancan mutanen da ke cikin tsibirai ba su neman biza, kwalekwale kawai suke nema.

Ɗan Galmi: Baba, ran ka ya daɗe, ai AES ma ta ce za ta kafa rundunar soja 5,000.

Baba Saje: Ta faɗa, a Janairun 2025. Watanni biyu bayan haka aka kashe mutum 44 a masallacin Fambita da ke yankin Tilaberi ranar Juma'a, cikin azumi. Allah Ya jiƙansu. Mali kuwa tun Satumban 2025 'yan JNIM masu alaƙa da Al-Qaeda ke ƙona tankokin mai a hanya, har sai da aka rufe makarantu a Bamako don rashin fetur. Wanda rigarsa ke ci da wuta, yaushe zai zo ya kashe taka?

Malam Na Maradi: Baba, da girmanka, kada ka sa mu fara lissafin gawa, don Zamfara da Katsina ma ba a zaune suke lafiya ba. Shekara goma Faransa ta yi da jirage a Sahel, me ta tsinana?

Baba Saje: Ai ka zo inda nake so, Malam. Ɓarayin dajin da ke satar shanu a Madarunfa su ne na Jibiya. Lakurawa da ke Tangaza da Gudu ta ina suke shiga da fita? Iyakar nan ta kai kimanin kilomita 1,500. Babu sojan Mali ko ɗaya da zai tsare ta.

Direba Ɗan Doso: Ku bar ni in faɗi nawa, tunda ni ke kan hanya. A da Kwatano muke ɗauko kaya, ka tsallaka gadar Malanbil ka shigo Gaya, shi ke nan. Tun 2023 gadar a toshe take ta ɓangarenmu. Yanzu sai Lome, ka ratsa Burkina, ka zauna a garin Kaya jiran ayari. Sai motoci sun taru ɗaruruwa sannan soja su rako ku ta Dori zuwa Tera. Na taɓa yin sati uku a ƙarƙashin mota ina dafa shayi, karen motata ya gudu ya bar ni. Rakiyar sojan Burkina da na Nijar aiki ne na ƙawance, ban musa ba, ba don su ba da ko buhu ɗaya bai iso Yamai ba. Amma duk kwanan da na yi a Kaya, mai sayen shinkafa ne zai biya shi.

Hajiya Mai Atamfa: Yauwa. Kuma abin da nake so Alhaji ya amsa mini, ƙasashen nan uku duka babu mai teku. Kai kana da albasa da wake da dabbobi, Mali na da zinariya da auduga da dabbobi, Burkina haka. Wa zai sayi ragon wani? Ragon Nijar a Maigatari da Illela yake samun kuɗi. Geron da kuke ci lokacin da rumbu ya yi ƙasa daga Dawanau yake fitowa.

Ɗan Galmi: Ku ma ai ba don Allah kuke saye ba, Hajiya. Kuma wa ya fara rufe iyaka? Buhari ya rufe daga Agustan 2019 har Disambar 2020, lokacin muna cikin ECOWAS ɗin tsundum. Ina 'yancin zirga-zirgar ya shiga a lokacin?

Hajiya Mai Atamfa: Wannan kam ka kama ni. Mu 'yan Jibiya mun fi kowa shan wuyarsa. Amma Buharin ne dai ya ƙaddamar da layin dogon Kano zuwa Maradi a 2021, kilomita 284, ana ta zaginsa a Kudu wai ya yi wa dangi aiki.

Auta: Tambaya gare ni. In an fita daga ECOWAS tun 29 ga Janairun 2025, me ya canza a aljihu?

Malam Na Maradi: Gaskiya kaɗan ne. Har yanzu sefa muke kashewa, wadda muke kira kuɗin Faransa, don ba a fita daga UEMOA, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka masu kashe sefa, ba. An sa harajin kashi 0.5 cikin ɗari kan kayan da ke shigowa daga waje don ɗaukar nauyin AES, daidai abin da ECOWAS ke karɓa a da. Zirga-zirga ba biza kuma tana nan saboda ɓangarorin biyu sun ce a ci gaba da ita. Ni inda na rabu da Alhaji shi ne cewa Najeriya ta riƙe kayanta. Su kansu mahukuntan ba su ce haka ba. A Disambar 2024 Janar Tiani ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa, da Hausa ma ya faɗa, Nuhu Ribadu, mai ba shugaban Najeriya shawara kan tsaro, ya musanta. Wata huɗu bayan nan sai ga ministan harkokin wajen Najeriya na lokacin, Yusuf Tuggar, a Yamai zaune da takwaransa na Nijar Bakary Yaou Sangaré, ana zancen farfaɗo da hukumar haɗin gwiwar ƙasashen biyu da aka kafa tun 1971. Ita wannan hukumar ta girmi ECOWAS da shekara huɗu, fita daga ECOWAS bai shafe ta ba.

Ɗan Galmi: To su zauna. Amma ni sai na ga an rubuta a takarda, an sa hannu, cewa ko sama da ƙasa za su haɗu ba za a sake kashe mana wuta ko a tsare abinci a iyaka ba.

Baba Saje: Ni kuma sai na ga sojan Diffa sun dawo teburi ɗaya da na Monguno.

Hajiya Mai Atamfa: Alhaji, har yanzu ba ka amsa mini ba fa. Albasar bana ina ta nufa?

Ɗan Galmi: Mota biyu gobe da asuba, in Allah Ya kai mu. Illela.