Na faɗo daga tsani a sito, har yau hannuna bai daina ciwo ba

Ɗan_Sito:
Salam jama'a, dan Allah shawara nake nema. A siton wani babban kanti nake aiki, shekaranjiya oga ya ce in sauko da kwalaye daga kantar sama kafin a buɗe, na hau tsanin nan mai ƙafa huɗu har matakalar ƙarshe, na rungumo kwali da hannu biyu, ina juyowa kawai sai ji na yi tsanin ya goce, da tafin hannu na dira. Ba wani tsawo ba ne fa, bai kai mita 2 ba, amma har yau gindin babban yatsana zugi yake in na riƙe abu. Abokan aiki sun ce targaɗe ne, in shafa man zafi. In ƙyale shi ko in je asibiti?

Yaya_Nas:
Sannu ƙanina, Allah ya ƙara sauƙi. Ka je a yi maka hoto yau ɗin nan. Akwai wani ɗan ƙaramin ƙashi a wuyan hannu daidai inda ka ce, shi ne yake yawan tsagewa in mutum ya dira da tafi, kuma wani lokacin hoton farko ba ya nuna komai sai an sake bayan kwana 10 zuwa 14, ga shi jini ba ya isar masa sosai, in aka yi sakaci sai ya ƙi haɗewa. In kanka ya bugu kuma kana jin jiri ko amai, kar ma ka jira komai, ka tafi asibiti yanzu.

Tsohon_Leburan_Kaya:
Malam ai tun daga hawan ka yi kuskure, ba a taka matakalar ƙarshe, kuma ba a sakin tsani da hannu biyu, ƙafa biyu da hannu ɗaya dole suna jikinsa. Kaya miƙo su ake yi wa wani a ƙasa. Ni shekaru na yi a sito, duk wanda na ga ya faɗo to miƙa ya yi gefe don yana ƙyuyar sauka ya matsar da tsanin.

Ɗan_Sito:
Gaskiya ne baba, amma ni kaɗai ne a siton, wa zan miƙa wa? Kuma robar ƙafa ɗaya ta cire tun tuni, mun faɗa ba a gyara ba.

Yaya_Nas:
To ka ga wannan ba laifinka ba ne kai kaɗai. Ka ɗauki hoton ƙafar tsanin da wayarka kafin a ɓoye shi, ka sa manaja ya rubuta hatsarin da kwanan wata, takardun asibiti kuma ka adana su, kuma ka ce su kawo tsani mai tayoyi da birki da wurin tsayawa a sama.