Bazday irin na filin wasan Sallah a tsakar gida: wa ya taɓa yi?

Uwa daga Kano:

Assalamu alaikum iyaye. 'Yata za ta cika shekara 4 nan da mako uku. Tun Sallar da ta wuce da babanta ya kai su gidan zu na Audu Bako ba ta da zance sai na lilo da mai balan-balan da mai gugguru. Shi ne na ce maimakon a sayo kek a yanka a ɗau hoto a watse, me zai hana in kawo mata filin wasan nan cikin gida? Na ga yadda Turawa ke yi wa 'ya'yansu, kanibal suke ce masa: 'yan rumfuna masu ratsin ja da fari, kowace da wasanta, yaro ya miƙa tikiti ya yi wasa ya ci kyauta. Ba ni da kuɗin ɗauko masu ƙawata wajen biki, da hannuna nake so in yi, kuma tsakar gidan namu ba wani faɗi gare shi ba. Don Allah duk wanda ya taɓa yi ya faɗa min yadda ta kasance, har da inda abin ya kwaɓe.

Uwa daga Kaduna:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na yi wa ɗana da ya cika 5, kuma kafin ki yanka kwali ko ɗaya, ki fara da lissafin yaran da za su zo, don nan ne na sha kashi. Yara 14 na gayyata, 'ya'yan dangi da na ajinsu. Na buga tikiti daidai su, na ɗaura kyauta a leda 14, har da sunan kowa. Tun da hantsi da na fara rataya balan-balan labari ya zaga layinmu. Kafin La'asar yaran da ke zaure da ƙofar gida sun haura 50.

Su Turawan da kike gani, wanda aka ba kati shi ke zuwa. Mu kuwa ai gidan biki ba ya rufe ƙofa, kuma yaron maƙwabci ba baƙo ba ne. Na sa ƙanena ya tsaya a zaure yana tarewa, kuma har yau ina nadamar hakan. Da na fito zubar da ruwa na ga wata yarinya, ba za ta wuce shekara 7 ba, goye da ƙaninta, ta ɗora goshi a jikin ƙyauren tana leƙe ta 'yar kafar da ke tsakani. Ba ta roƙi komai ba. Uwarta ce ke aiko mana da ƙosai duk safiya. Nan take na ce a buɗe, kowa ya shigo. To amma kyautar ta riga ta ƙare, sai na yi ta ɓalle biskit gida biyu, yara na ganin wasu da leda wasu da gutsure. Wannan bambancin ya fi rashin kyautar ciwo.

Da zan sake, ba zan yi ledar suna ba sam. Zan sayo abu iri ɗaya mai yawa mai araha, kowa ya samu daidai da na kowa. Ke da kike Kano ga kasuwar Singa nan, ki sayi biskit da katan, ya fi sayen ɗai-ɗai a kanti sauƙi nesa ba kusa ba. Duk adadin da kika ƙiyasta, ki ninka shi uku.

Malamar nazare daga Zariya:

Gaskiyar Yaya ce. Ni ta ɓangaren wasannin zan yi magana, don da 'yan shekara 3 zuwa 5 nake wuni, kuma na shirya wa 'yar yayata irinsa a gida.

Yaro ɗan shekara 4 bai san faɗuwa a wasa ba. Idan ya jefa ƙwallo bai samu ba aka ce babu kyauta, a wurinsa hana shi aka yi, kuka zai fasa. Don haka kowace rumfa, wanda ya gwada ya ci. Babu na ɗaya, babu na biyu.

Rumfa huɗu muka yi kuma sun isa. Ta farko gwangwanayen madara guda 6, uku a ƙasa, biyu a kai, ɗaya a sama, a jefe su da ƙwallon da muka dunƙule da tsofaffin safa. Ki bi bakin kowane gwangwani da salatif, yana yanka hannu. Ta biyu gorunan ruwa da muka cika da yashi don kada su faɗi, ana jefa musu zobe. Faifai muka fara gwadawa ya yi nauyi, sai muka yanke tsakiyar farantin takarda, ya yi daidai. Ta uku kwali babba da muka zana masa fuskar zaki muka huda baki, yara na ba zaki abinci da ƙwallo. Wannan ita ta fi kowace farin jini, har rigima aka yi a layinta. Ta huɗu kamun kifi: murafan gora masu launi a cikin baho, a kwaso da ludayi.

Ki saurare ni a kan bahon nan. Ɗan ƙaramin yaro na iya nutsewa a ruwan da bai kai tsawon yatsa ba idan ya kifa da fuska, kuma ba a jin ƙara. Dole babba ya zauna a gefensa ba ya motsawa, ana gamawa a zubar. In ba ki da mai tsaro, ki zuba busasshen yashi a maimakon ruwa su tono murafan.

Manyan yara 'yan 9 da 10 kuwa kada ki bar su cikin layi, za su danne ƙanana. Ki ba su aiki: wannan mai karɓar tikiti, wancan mai jera gwangwani. Ba ki ga yadda suke ɗaukar abin da girma ba. In sun gaji, a zana musu 'yar gala-gala da gawayi a waje ko su yi langa. Kuma duka-duka kada ya wuce awa ɗaya da rabi. A fara bayan La'asar, kafin kiran Magariba kowane yaro yana gidansu.

Ma'aikaciyar jinya daga Jos:

Hajiya, ni abu ɗaya ya kawo ni: abin da zai shiga bakin yara. Kin ambaci gugguru da balan-balan, su biyun kuma suna cikin abubuwan da suka fi shaƙe ƙananan yara. Gyaɗa guda-guda, gugguru, alawa mai tauri, inabin da ba a tsaga ba, duk ba na yaron da bai kai shekara 5 ba ne, don haƙoransa ba su iya niƙa su sosai ba, maƙogwaronsa kuma ƙarami ne. Balan-balan kuwa hatsarinsa bayan ya fashe ne. Yaro ya tsinci gutsuren ya sa a baki yana tsotsa don ya yi ƙwai, in ya zarce sai ya manne a hanyar numfashi ya toshe ta. Shi ya sa a Amurka ake rubuta gargaɗi a jikin ledarsa game da yaran da ba su kai shekara 8 ba.

A bikin ɗan ƙanwata abin ya faru a gabana. Yaro ɗan shekara 2 yana gudu da gyaɗa a baki, aka bangaje shi. Ba kuka, ba tari, sai ido ya firfito. Na kifa shi a cinyata, kansa ƙasa, na buga bayansa tsakanin kafaɗu da tushen tafin hannu, a bugu na uku ta fito. Ku riƙe wannan: in yaro na tari da ƙarfi, a bar shi ya yi tarin. In ya kasa tari ya kasa kuka, bugu har 5 a baya, in bai fito ba kuma ya wuce shekara 1 a matsa cikinsa sama da cibiya har sau 5, ana yi ana neman abin hawa zuwa asibiti. Kada a zura yatsa ana lalube, tura abin ciki ake yi. Kada kuma a ɗura masa ruwa.

Ki yi fanke ƙanana, da yankakkiyar ayaba, da kek mai laushi. Ci a zaune a kan tabarma, ba a tsaye ana guje-guje ba. In za a yi wa 'yan mata ƙunshi, jan lalle na gida, ban da baƙin nan da ake haɗa wa sinadarin rini, yana ƙona fatar wasu yaran.

Uba daga Katsina:

Ni aikin rumfuna aka ɗora min. Kwalayen firji na roƙo a wajen masu sayar da kayan wuta, na yanka taga, maiɗakina ta manna jar takarda da fara. Kwana uku muna yi da dare bayan yara sun kwanta. Ranar bikin a watan Janairu ne, iskar hunturu ta taso da rana, kafin baƙi su zo biyu sun kife. Bulo na sa a cikin kowanne, na ɗaure su da igiya a jikin taga, sannan suka tsaya. In za ki yi da kwali, ki yi masa nauyi daga ƙasa tun farko.

Na kuma tayar da janareta don lasifika, ƙarar ta firgita mai bikin, ya maƙale a jikin uwarsa ya ƙi sauka. Da na kashe sai aka ji dariyar yara, ashe ita ce kiɗan. Abin da ya fi tsaya musu a rai kuwa ba rumfunan ba ne. Wani maƙwabcina mai hawan Sallah ya fito da dokinsa mai sanyin hali, yana riƙe da linzami ni ina riƙe da yaro, daga ƙofar gida zuwa gindin dalbejiya a dawo. Har yanzu in yaran layin suka gan ni zancen dokin suke yi.

Uwa daga Maraɗi:

Sannunku da ƙoƙari. Ban ji wanda ya taɓo maganar manya ba, kuma ita ta kusa hana ni. Da uwar mijina ta ji zan yi wa ɗiyata bikin ranar haihuwa sai ta kira ni ɗakinta ta ce wannan ba al'adarmu ba ce, kuma malamai da dama sun yi magana a kai. Ban yi musu da ita ba, don na san haka ne, akwai masu hanawa akwai masu ganin al'ada ce kawai. Na durƙusa na ce, "Inna, to me kike ganin ya dace?" Ta ce in ina son faranta wa yarinya, in tara yara in ciyar da su, a yi mata addu'a, a bar kyandir da kiɗa. Haka aka yi. Ita da kanta ta dafa shinkafa da wake, ta zauna a kan kujera 'yar tsuguno tana raba tikiti, duk wanda ya zo sai ya gaishe ta tukuna. Ban kashe abin da ya kai jikka 10 ba. Shawarata, ki sanar da maigida da iyayensa tun yanzu, kada su ji a bakin yara.

Uwa daga Kaduna:

Kin tuna min 'yar'uwa. Kuma a sanar da maƙwabta ma, uwa ta san inda ɗanta yake. Wani abu da na manta: in lokacin zafi ne, watan Afrilu rana kan haura digiri 40 a garuruwanmu, kek mai man shanu narkewa yake kafin a yanka. Ki ƙulla zoɓo a leda ki daskarar tun jiya, ki ajiye randa ko kula cike da ruwa, yara ba sa cewa suna jin ƙishirwa sai sun galabaita.

Uwa daga Kano:

Iyaye, na dawo da godiya, an yi ranar Asabar lafiya. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Na fara da kakar yarinyar kamar yadda Yayata ta Maraɗi ta ce, ta sa albarka, ta ce a fara da addu'a. Na bi gida-gida a layinmu na gaya wa iyaye. Na yi lissafin yara 20, na tanadi na 60, waɗanda suka zo 47, na ƙirga da tikiti. Tikitin ma tsohuwar kalanda na yayyanka. Gugguru na bar shi gaba ɗaya, na yi fanke da ƙanƙarar zoɓo, balan-balan kuma na rataye su can sama a igiyar shanya, ƙanwata na bi tana tsince duk wanda ya fashe. Rumfa uku na yi don wurin ba ya ɗaukar huɗu, kamun kifin na yi shi da yashi. Malama, zakinki ya yi aiki, har bakin ya yage muka liƙe shi sau biyu.

Inda na yi kuskure shi ne ƙofa ɗaya ce shiga da fita, lokacin rabon biskit aka cunkushe a zaure har wani yaro ya faɗi ya kurje gwiwa. Da na zaunar da su a tabarma na bi su da shi. Takalma ma sun cakuɗe, har yau akwai ƙafa ɗaya na silifas ɗan ƙarami shuɗi a gidana, ana neman mai shi.

Ita mai bikin kuwa, wasa biyu ta yi ta bari. Ta je ta tsaya bayan kwalin zaki ta ce ita ce mai karɓar tikiti. Duk yaron da ya miƙo sai ta karɓa da hannu biyu, ta duba gaba ta duba baya, ta jefa a gwangwani, ta ce masa, "Shiga." Yarinyar gidan da ke kallonmu, wadda ba ta taɓa shigowa gidanmu ba, ta zo tikitinta ya ɓace a hanya, ta tsaya tana murza gefen hijabinta. Kafin in taso, 'yata ta zura hannu a gwangwanin ta ɗauko ɗaya ta ba ta, ta jira ta miƙo mata shi, sannan ta karɓa ta duba gaba da baya.