Wuƙaƙen aljihu na gwanjo: ɗaya na tsatsa, ƙahon ɗaya ya banƙare, ina mafita?

Baban Hanifa

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu sanin wuƙaƙen aljihu irin na da, masu naɗewa. Guda biyar ne na gwanjo, duk a durowa ɗaya, a Kano. Ta farko ta kamfanin Case ce, lafiyarta lau, an buga 6254 a gindin ruwanta da ɗigo takwas ƙarƙashin USA, so nake in san ƙotarta ƙashi ce ko roba. Ta biyu tambarinta ya goge, ƙotarta ruwan ɗorawa ce mai walƙiya, ita ce ke tsatsa ko an shafa mata mai, kuma tsatsar a gadon bayan ruwan take, wurin da ke leƙowa idan an rufe. Ta uku ƙirar Laguiole ce mai ƙaho, gefe ɗaya ya ɗago har farce na shiga. Ta huɗu mai katako ce da zobe a wuya, da damina ba ta buɗuwa. Ta biyar fara ce, ta tsage daga jikin ƙusa, mai sayarwa ya ce hauren giwa ce. Wane mai ya dace da su, kuma yaya ake ajiye su da hunturu?

Mai Ƙira

Wa alaikumus salam. Malam, bar maganar mai tukuna, ka fitar da ta biyun nan daga durowar yau. Siffar da ka ba da ta selulod ce, robar farko da masu wuƙa suka yi ta amfani da ita kafin a samu na zamani. Da zaren auduga da aka jiƙa da asid ake haɗa ta, a gauraya da kafur. Idan ta tsufa kafur ɗin ya fita, sauran ya fara ruɓewa yana fitar da tururin asid. Shi ke cin ƙarfe, kuma alamarsa ke nan da ka gani, tsatsa a iya wurin da ya leƙo daga ƙota, da wani layi miƙaƙƙe kamar an ja da rula. Duba ƙarfen da ke kan ƙotar da jelarta, za ka ga ya dushe ko ya yi kore. A rufaffiyar durowa tururin ba ya tsayawa kan mai shi, Case ɗinka ma zai ci.

Don ka tabbatar, goga ƙotar da babban yatsa da ƙarfi har ta yi ɗumi, ka shinshina. Ƙamshin kafur ko wani tsami-tsami ya isa shaida. Kada ka yi mata gwajin allura mai zafi da wasu ke yi wa roba, selulod kamawa take fuu kamar an zuba fetur.

Ruɓewar ba ta da magani, mai ko kaki ba sa tsayar da ita. Ko dai ka ajiye ta ita kaɗai a buɗaɗɗen wuri mai inuwa, ko ka cire ƙotar. In cirewa ce, sa bakin kurfi ƙarƙashinta ka ɓamɓare a hankali, ba da injin wasa ba, saboda tartsatsi. Sannan ka narka cokalin shayi ɗaya na bekin soda a kofin ruwa, ka wanke ƙarfen da buroshin haƙori don kashe asid ɗin, ka ɗauraye, ka busar sarai, ka bi tsatsar da samfefa mai lamba 600 sannan 1000 tare da ɗigon man keken ɗinki.

Alhajin Zangon Kumasi

Maganar Mai Ƙira daidai ce. Ni kan Case ɗin zan yi magana. Kamfanin yana Bradford ne a jihar Fensilbaniya ta Amurka, kuma lambar da yake bugawa tana da ma'ana. Adadi na farko kayan ƙota ne, na biyu yawan ruwan wuƙa, sauran sunan ƙira. Saboda haka 6254 na nufin ƙota mai sassaƙa, ruwa biyu, ƙira ta 54 wadda suke kira Trapper. Da 5 ce a farko da ƙahon barewa ne, 8 kuwa ɓawon kawar lu'ulu'u, 3 roba rawaya. Ɗigo kuma shekara ce: sun fara da goma a 1970 suna rage ɗaya duk shekara, takwas ke nan 1972. Sai dai sun sake zagayen ɗigon a 1980 da harafin S mai kama da walƙiya, don haka duba S ɗin naka.

Inda ake ruɗewa shi ne 6 ɗin ba ta rantse cewa ƙashi ne ba. Sun buga ta a wuƙa mai ƙotar ƙashi, sun kuma buga ta a mai ƙotar Delrin, wata robar zamani, da aka yi wa irin sassaƙar. Gwaji uku ne. Ɗora ƙotar a leɓenka: ƙashi sanyi gare shi kamar tangaran, Delrin ɗumi-ɗumi. Ƙwanƙwasa ta a haƙori a hankali: ƙashi na ba da ƙara siririya, roba kuwa ƙararta a dushe. Na uku, sami gilashin masu gyaran agogo mai ƙara girma sau goma, ka duba gefen da ya yi fari kusa da ƙarfe. Ƙashi na da ƙananan ramuka da gajerun layuka baƙaƙe, hanyoyin jini ne tun dabbar na raye. Delrin sumul take. Rinin ƙashi kuma ba ya zama bai ɗaya, yana duhu a cikin ramin sassaƙa yana haske a tudu.

Abin da ya sa masu tara wuƙa suka fi son ƙashi shi ne yadda yake tsufa. Shekaru a aljihu suna goge tudun sassaƙar, launin ya yi laushi kamar zuma, babu biyu da ke zama iri ɗaya. Daga ƙwaurin shanu masu tozo na Kudancin Amurka ake yanko shi, dangin namu na Fulani. Ƙahon barewar sambar ta Indiya ya fi shi daraja, riƙonsa ya fi cika hannu saboda ƙurarrajinsa, kuma tsadarsa ta ƙaru tun da Indiya ta hana fitar da shi. Delrin ba ta da wannan kwarjinin, amma a aiki ta fi su duka haƙuri: ba ruwanta da jini, gumi ko hunturu. Idan ta yi fari-fari, tsumma da ɗigon mai sun ishe ta.

Ɗan Zinder

Mai katakon nan ba lalacewa ta yi ba. Duk wuƙa mai ƙirar Opinel, wadda ake yi a yankin Sabuwa na Faransa tun 1890, ba ta da sifirin, wato ƙarfen baya da ke danne ruwan wuƙa, katakon ne ke matse ruwan. Da damina ya sha laima ya kumbura, da hunturu ya saki. Mutanen can dabararsu ita ce a juya zoben a buɗe, a riƙe wuyan wuƙar, a buga jelar ƙotar a kan teburi sau ɗaya, ruwan zai ɗan leƙo. Gyara mai ɗorewa kuma hunturu ne lokacinsa, da iska ta bushe: ninka samfefa mai lamba 240, ka ja ta sau biyar ko shida a cikin tsagar kusa da ƙusa, ka gwada, kada ka wuce haka. Sai ka narka kakin zuma ka ɗiga a tsagar da kan katakon, ka hura masa na'urar busar da gashi har ya shige. Kada ka jiƙa ta cikin mai, katakon zai sha ya ƙara matsewa.

Wanda bai son wannan hidimar, wuƙar Douk-Douk ta garin Thiers da ke Faransa na nan tun 1929, ƙotarta fallen ƙarfe ne da aka ninka, ita ce ta bazu a ƙasashen da Faransa ta mallaka a Afirka.

Baban Hanifa

Allah ya saka da alheri. Na ware ta biyun, ƙamshin kafur ɗin kuwa yana nan. S ɗin Case na yau da kullum ne, kuma na ga ramukan. Saura ƙahon da farar.

Na Kofar Wambai

Ƙaho da farce jinsinsu ɗaya, sala-sala ne a kan juna, zafi na tausasa shi, bushewa na motsar da shi. Ƙarfen da ke ƙarƙashinsa kuwa ba ya motsi. A Kano laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da hunturu, ta haura 70 a watan Agusta, to ƙota tana tsukewa tana buɗewa duk shekara a kan ƙusoshin da suka ƙi gusawa. Daga nan banƙarewa da tsagewa suke fitowa.

Ƙaho iri biyu ake sa wa Laguiole. Akwai na tsini, wanda ake yanka daga ƙarshen ƙahon inda yake a cike, shi ne mai tsada kuma ba ya cika motsi. Akwai na gindi, wurin da yake da rami, ana dafa shi a matse ya miƙe. Wannan na biyun bai manta lanƙwasarsa ta asali ba, da ya ji rana ko zafin cikin mota sai ya nemi komawa. Naka kusan tabbas shi ne. Sunan Laguiole ma na ƙauye ne a yankin Obrak na Faransa, ƙira ce ba kamfani ɗaya ba, ana yin ta a Faransa, ana yin ta a Fakistan da Sin, saboda haka siffar kudan zumar da ake yi a kan sifirin ba shaidar komai ba ne.

Gyaran: goge ƙarƙashin wurin da ya ɗago da tsinken sakace da sifirit. Hura masa na'urar busar da gashi daga nisan taƙi ɗaya, minti biyu zuwa uku, har ya yi zafin da yatsa zai iya jurewa daƙiƙa biyu. Idan ka ji ƙaurin gashi ka wuce gona da iri. Shigar da gam mai haɗi biyu, mai jinkirin kamawa, da bakin reza. Sa fata a kowane gefe, ka matse da ƙaramin matsi daidai yadda zai kwanta, ka bar shi awa 48. Gam ɗin da ya tsatso ka share shi tun yana ɗanye, musamman ta ciki inda ruwan wuƙa ke kwanciya.

Farar kuma, da wuya haure ne. Duba ƙarshenta da gilashin nan: haure na da zane mai gicciye kamar saƙar raga, ba shi da ramukan jini. Idan ɗigo-ɗigo ka gani, ƙashi ne, sau da yawa na raƙumi, don ya fi na saniya fari da ƙarfi. Hakan ma ya fi maka, tunda yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin namun daji a duniya, ta rufe cinikin haure tsakanin ƙasashe tun 1989, dokar Najeriya ma ta haramta shi. Tsagar ƙusa kuwa, wanke ta da sifirit, ka ɗiga sufa-gulu mai ruwa-ruwa ɗigo ɗaya a bakin allura ya tsotse da kansa, ka bar shi kwana, ka kankare saman da reza, ka bi da samfefa 1500. Zai hana ta ci gaba amma layin ba zai ɓace ba, kuma ran sayarwa sai ka faɗa.

Garba Mai Gwanjo

Game da mai, da yawa cikin masu tarawa a Amurka suna nutsa wuƙar ƙashi ko ƙaho gaba ɗaya cikin farin man farafin na kantin magani kwana ɗaya, sau ɗaya a shekara. Farkon Nuwamba ya dace da mu.

Alhajin Zangon Kumasi

Malam Garba, man dai shi ne, amma nutsawar ina da ja. Ƙashi na da ramuka, idan ya kwana cikin mai yana sha har ya yi duhu ya zama kamar takarda mai maiƙo, farin ƙashi da ƙahon barewa ba sa komawa yadda suke. Rinin ja da kore ma yana zuba. Kuma wanda zai sa gam gobe, mai ne babban abokin gabarsa, don haka Baban Hanifa ya gama gyaran ƙahon da tsagar kafin komai. Ɗigo biyu a yatsa ga kowane gefe, a bar shi minti 15, a goge tas, sannan a bi da kakin zuma ɗan kaɗan. Sau biyu cikin hunturu ya isa. Man gyaɗa, man ja da man zaitun a bar su a kicin, suna tsami suna danƙo a gaɓa. Gaɓar ita kuma ɗigo ɗaya na man keke, a buɗe a rufe sau goma, a goge baƙin da ya fito.

Mai Ƙira

Ajiya kuma: robar abinci mai murfi, kowace wuƙa a naɗe cikin tsumman auduga, nesa da taga da bayan firji. Ƙunshin ƙwayoyin tsotse laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi a sa su daga Yuni zuwa Satumba kawai, a cire da hunturu, in ba haka ba su ne za su ƙarasa tsaga ƙashin. Kada a bar wuƙa cikin kuben fata, sinadarin jima na sa tagulla yin kore. Ƙaho kuma ƙwaro na cinsa kamar yadda yake cin busasshiyar fata, a riƙa dubawa duk wata.

In za ka sake wa ta biyun ƙota, katakon kanya busasshe ya fi sauƙi ga mai farawa: sala biyu masu kaurin milimita 3, ƙusoshin tagulla daidai da ramin da ke jikinta. Ramin katakon ya ɗara ƙusar da kaurin gashi, a faɗaɗa bakinsa kaɗan, a daddaka kan ƙusar da ƙaramar guduma sannu-sannu har ta daina juyawa. Bugu ɗaya mai ƙarfi ke haifar da irin tsagar da ke jikin farar taka. Idan ƙashin mahauta kake so, ƙwaurin sa za ka nema, a yanke kawunan, a fitar da ɓargo, a dafa da ƙaramar wuta cikin ruwan omo ana sauya ruwan har maiƙo ya daina tasowa. Kada a sa bilic, yana mayar da shi kamar alli. A shanya a inuwa aƙalla wata ɗaya kafin a yanka.

Baban Hanifa

Na gode ƙwarai, Alhaji da sauran malamai. Tambaya ta ƙarshe: ƙotar selulod ɗin da zan ɓamɓare, a shara zan zuba ta?

Mai Ƙira

Kada ta shiga sharar da ake cinna wa wuta, kada kuma ta kwana a rufaffen gwangwani. Sa ta cikin ruwa a buɗaɗɗen kwano a waje har ka samu lokaci, sannan ka haƙa rami mai zurfin taƙi biyu nesa da murhu ka binne.