Kuɗin jona sabon gini da bututun bahaya a Abuja: wa ya taɓa yi?

Mai gini a Wuye:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Gidana ya kai linta, an ce sai na je hukumar kula da muhalli ta Abuja, AEPB, na biya kuɗin jonawa kafin a haɗa ni da babban bututu. Don Allah wanda ya bi ta nan ya faɗa mana yadda ya yi.

Hajiya daga Utako:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Mun yi namu. Takardar fili da takardar amincewa da zanen gini muka kai, jami'ai suka zo suka duba manhol ɗin da ya fi kusa, wato ramin nan mai murfi da ake shiga don duba babban bututu, sannan aka ba mu takardar biya. Ka biya ta hanyar da aka rubuta, ka adana rasit. Kuma kar ka ɗauka ka gama, akwai kuɗin da za a riƙa kawo maka bayan ka tare.

Injiniya:
Alhaji, ni abin da ya tayar min da hankali cewa da ka yi ginin ya kai linta. Tun kafin a zuba fandisho ake wannan tambayar. Layin Abuja gangara yake bi har matatar Wupa da ke wajen Idu, wadda aka buɗe a 2007, don haka dole bututun gidanka ya fito sama da babban bututun da ke cikin manhol. Na yi aiki a wani gida da aka yi ɗakin ƙasa da banɗaki a ciki, da muka auna sai ga shi ya fi layin titi zurfi. Ruwa ba ya hawa tudu. Sai da mai gidan ya haƙa rami ya sa famfon turawa, ga kuɗin wuta, ga gyara, in babu lantarki kuma wari ya cika gida. Kuɗin hukuma bai kai rabin abin da ya kashe a nan ba.

Hajiya daga Utako:
Gaskiyar Injiniya. Mu manhol ɗin yana tsallaken titi. Izinin yanka kwalta daban, mayar da ita daban, ga leburori. Nan kuɗinmu ya tafi.

Malam daga Lugbe:
Ku dai ku gode wa Allah. Unguwarmu layin bai iso ba, sokawe muka haƙa, in ya cika mu kira motar kwasa. Da damina ma ya fi saurin cika.

Mai shago a Garki:
Wani mai aikin famfo ya ce min in ba shi rabin kuɗi ya jona ni da dare, ba takarda ba komai. Na ƙi. Maƙwabcina ya yarda, mutumin ya haɗa masa har da ruwan indararo. Ruwan farko mai ƙarfi, ƙazanta ta dawo ta cambar tsakar gidansa.

Injiniya:
Ai layin ruwan sama daban yake da na bahaya, ba a gama su. Alhaji, gobe ka sa a buɗe manhol ɗin ƙofarka a auna zurfinsa, ka turo min awon kafin ka sayi bututu ko ɗaya.

Mai gini a Wuye:
Na gode, Allah ya saka. Banɗakin ɗakin maigadi ne a gangaren baya, shi zan fara sa a auna.